Gobarar Hunturu A Gwale: A Buɗe Littafin Gidajen Da Aka Gyara

Ko wace shekara, da zarar iskar hunturu ta kaɗo, hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse, sai mu fara jin jiniyar 'yan kwana-kwana dare da rana a birnin Kano. Yau a ce gidan wane ya ƙone ƙurmus, gobe a ce shagunan su wane sun zama toka, jibi a ce an fito da gawar uwa da 'ya'yanta daga ɗakin da suka shiga lafiya lau. Jama'a su taru su yi jaje, manya su zo su yi alkawari, a kai buhunan hatsi da bandir ɗin kwano, bayan mako biyu kowa ya kama gabansa. Shekara ta kewayo, a koma gidan jiya.

Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ta kan sanad da jama'a lokaci lokaci yawan kiran da ta amsa, da rayukan da aka rasa, da waɗanda aka ceto, da kimar dukiyar da wuta ta ci. Wannan aiki ne mai kyau, mun kuwa yaba. Amma fa lissafi ne na bayan ɓarna. Abin da mu ke so mu jawo hankalin Gwamnati gare shi yau shi ne lissafi na biyu, watau a san gida nawa ne a ko wace unguwa aka gyara shi yadda wuta ba za ta tashi a cikinsa da sauƙi ba, in kuma ta tashi mutanen gidan su sami hanyar fita da ransu. Mun ɗauki Ƙaramar Hukumar Gwale don misali, domin ta haɗa tsohon birni da sababbin unguwanni, kuma abin da ya yi magani a Gwale zai yi a Dala da Fagge da sauran wurare.

Yadda Gwale Ta Ke

A ƙidayar 2006 an sami mutum 362,059 a Gwale, a fili wanda bai wuce murabba'in kilomita 18 ba, yau kuwa kowa ya san an ƙaru ƙwarai. Mazaɓunta goma ne. Waɗansu, kamar Mandawari da Galadanci da Diso da Dandago da Gyaranya, suna cikin ganuwa, inda gida ya ke jingine da gida, bango ɗaya ya raba maƙwabta biyu. Waɗansu kuwa, kamar Ɗorayi, sun bazu bayan ganuwa, inda aka yanka gonaki aka yi awon igiya, kowa ya gina yadda ƙarfinsa ya kai.

Wanda ya san lungunan cikin birni ya san an yi su ne domin mai tafiya ƙasa da jaki. Faɗin motar kashe gobara ya kai kamar mita biyu da rabi, alhali akwai lungun da in mai babur ya shigo sai mai tafiya ƙasa ya manne da bango. Sabo da haka sau da yawa mota ta kan tsaya a bakin titi, a yi ta jan mesa, wuta kuwa ba ta jiran kowa. Ga shi kududdufan da a dā a ke ɗebo ruwa cikinsu an cike da yawa an yi gini a kai, famfo kuma ba kullum ya ke kawo ruwa ba. To, wurin da taimako ba ya isowa da wuri, ashe tilas ne gidan kansa ya zama mai jure wa wuta, ya sayo wa mutanensa ɗan lokaci.

Daga Soro Zuwa Kwano

Kakanninmu ba su bar wannan al'amari haka sakaka ba. Ginin birni na asali tubali ne na jar ƙasa, a jera azara ta giginya, a ɗora ƙasa a kai a daɓe, a shafe da makuba ko laso. Irin wannan soro ba ya kamawa da tartsatsi, kuma ko wuta ta tashi a ɗaki ɗaya, bango mai kauri da rufin ƙasa su kan tsare ta a nan. Shi ya sa gobarar da ke share ƙauye guda na jinka da danga cikin sa'a ɗaya ba ta cika yi wa cikin birni irin wannan ɓarna ba. Murhu kuma yana tsakar gida a sarari, fitila ɗaya ce ko biyu, in za a kwanta a hure.

Da zamani ya juya, aka sauke soraye sabo da wahalar yaɓe da yoyon damina, aka ɗora kwano bisa katako. Ba mu ga laifin kowa ba a nan, domin soron da ba a kula da shi ba shi ma ya kan rufta wa mutane. Amma sabon rufin ya zo da nasa haɗari. Tsakanin kwano da silin akwai sarari mai cike da busasshen katako da wayoyin lantarki, wanda sau da yawa ya ke ratsa ɗakunan gida duka, wani lokaci har ya haɗu da rufin maƙwabci. Wuta in ta shiga nan sai ta yi ta gudu a ɓoye bisa kan masu barci. In silin na roba ne, sai ya narke ya riƙa ɗigowa, hayaƙinsa da na katifar soso su kan shaƙe mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. Tagogi kuwa an datse su da ƙarfe don tsoron ɓarayi, ƙofa ɗaya ce, an kuma sa mata kwaɗo.

Sa'an nan ga abubuwan da muka shigar cikin gida. Gidan da aka ja wa waya domin ƙwan fitila huɗu da rediyo, yau an ɗora masa firji da dutsen guga da abin dafa ruwa. In fis ya ƙone sai a ɗaura masa zaren tagulla mai kauri, wanda ba zai katse ba ko waya ta yi ja. A ɗauke wuta da magariba, a manta da abin dafa ruwa cikin bokitin roba, a maido ta da tsakar dare kowa na barci. Ga janareta a zaure da jarkar fetur kusa da shi, ga tukunyar gas a ɗaki marar taga da tsohuwar mesa, ga kaskon gawayi a gefen gado sabo da sanyi, ga harawar dabbobi a jibge bisa katanga. Duk wannan a lokacin da iska ta bushe, ko wane katako ya zama kamar makamashi.

Abin Da Waɗansu Suka Yi

Ba mu kaɗai Allah ya jarraba da wuta ba. A 1666 gobara ta ci gidaje fiye da 13,000 a birnin Landan. Shekarar da ta biyo aka yi doka cewa duk wanda zai sake gini sai da jan bulo ko dutse, aka kuma naɗa masu duba gini don su tabbata an bi. Watau tun a wancan zamani sun gane doka ba ta tsayawa sai da mai bin sawunta.

Misalin da ya fi kusa da zamaninmu shi ne na Jihar Kalifoniya a Amurka, inda wutar daji ke shiga garuruwa. Tun 2008 dokarsu ta tilasta wa mai sabon gini a wuraren haɗari ya yi rufi da bango da tagogi masu jure wa wuta, kuma an wajabta share ciyawa da ƙirare har ƙafa 100 kewaye da gida. A watan Nuwamba 2018 wuta ta cinye wani gari da a ke kira Paradise, mutum 85 suka mutu, gine-gine fiye da 18,000 suka ƙone. Bayan wuta ta mutu ma'aikatan hukuma suka bi gida gida suna rubuta wanda ya ƙone da wanda ya tsira. Da wani kamfanin jaridu mai suna McClatchy ya gwada wannan lissafi da shekarar da aka gina ko wane gida, sai ya tarar kashi 51 cikin 100 na gidajen da aka gina bayan 2008 sun tsira ba ko ƙwarzane, na kafin 2008 kuwa kashi 18 kaɗai. Masu bincike na baya sun ƙara da cewa tazarar da ke tsakanin gida da gida ita ma tana da nata tasiri. Ko ma dai yaya ne, da ba a rubuta ba, da babu wanda zai san wannan. Daga bisani suka yi dokar da ta sa mai sayad da tsohon gida a wurin haɗari ya bayyana wa mai saye raunin gidan game da wuta, a 2022 kuma aka umurci kamfanonin inshora su yi rangwame ga wanda ya gyara gidansa. Duk da haka, a watan Janairu 2025 wuta ta ci gine-gine fiye da 16,000 a yankin Los Anjeles, abin da ya nuna tsofaffin gidajen da ba a gyara ba su ne babban aikin da ya rage.

Kada mu kwaikwayi wannan ido rufe. Wutarsu daga daji ta ke zuwa, iska ta ɗauko garwashi ta zuba bisa rufi. Tamu kuwa galibi daga cikin ɗaki ta ke tashi. Abin da za mu ɗauka wurinsu shi ne ɗabi'ar rubutawa, da gwada abin da aka rubuta da abin da ya auku.

Kusa da mu ma akwai darasi. A watan Nuwamba 2021 yara fiye da 20 suka ƙone a Maraɗi cikin azuzuwan zana, bayan irin wannan ya faru a Yamai a watan Afrilu na shekarar, sai Gwamnatin Nijar ta hana irin waɗannan azuzuwa ga ƙananan yara. A watan Fabrairu 2025 almajirai 17 suka rasu a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. Mu kanmu ba mu manta da 'yan mata bakwai na makarantar Jogana a 2015 ba, ko wutar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 wadda ta ci dubban shaguna. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle mu da namu gemun ya sha kamawa.

Abin Da Za A Rubuta

A ganinmu littafin bai kamata ya zama mai tambayoyi barkatai ba. Abu bakwai sun isa. Na ɗaya, wace shekara aka ja wayar gidan, kuma akwai abin da ke katse wuta da kansa in ta yi yawa? Na biyu, ko wane ɗakin kwana yana da mafita ta biyu, ko taga ɗaya wadda ƙarfenta ke buɗuwa daga ciki? Na uku, ina a ke girki, ina a ke ajiye tukunyar gas, yaushe aka sake mesarta? Na huɗu, ina janareta da fetur su ke kwana? Na biyar, wane irin rufi da silin ne, kuma an kai bangon da ya raba gidan da na maƙwabci har sama ya tare kwano? Na shida, akwai harawa ko kara ko katako ko katifu jibge kusa da ɗakin kwana? Na bakwai, ina ne wuri mafi kusa da mota za ta iya tsayawa, ina kuma rijiya ko rijiyar burtsatse mafi kusa?

In aka duba da kyau za a ga yawancin waɗannan gyare-gyare ba su kai kuɗin buhun siminti goma ba, waɗansu ma ba sa cin ko kwabo, sauya wurin ajiya ne kurum. Amsar tambaya ta bakwai kuwa, in aka zana ta bisa taswira aka ba ko wace tashar 'yan kwana-kwana, direba zai san ta Ƙofar Kabuga zai shiga ko ta Gadon Ƙaya tun bai tayad da mota ba.

Aikin ba ya bukatar sabuwar ma'aikata. Hukumar KNUPDA ita ke ba da izinin gini, KANGIS na riƙe da taswirar filaye, Hukumar Kashe Gobara ta san yadda wuta ke tashi, Ƙaramar Hukuma na da ma'aikatan duba-gari, Hakimi da dagatai da masu unguwanni sun san ko wane gida da mai shi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su kan littafi ɗaya, a kuma faɗi sunan ofishin da za a tambaya in aikin ya kwanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma jinkar da kowa ya kama ba mai ba da umurni ita ma ba ta hawa ɗaki.

Tsoron Talaka

Yanzu bari mu faɗi inda gizo ke saƙa. Ran da ma'aikaci ya tsaya ƙofar gidan talaka da littafi da alƙalami, abu uku ne za su faɗo masa a rai: haraji, rusau, da na goro. Ba kuwa za mu ce tsoron banza ne ba. Dattawa suna tune da littafin haraji na zamanin En'e, wanda bai gushe ba sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali bayan hawansa a 1979. Suna kuma tune da duba-gari, wanda ya tsabtace gari, amma sunansa kaɗai ya kan sa mata su ɓoye tukwane. Akasarin gidajen cikin birni na gado ne, an gina su tun ba a san takardar izinin gini ba, mai gida kuwa zai ji tsoron kada a ce gidansa ba ya bisa ƙa'ida.

Mun riga mun ga abin da rashin yarda ke jawowa. A 2003 aka dakatad da allurar shan inna a Jihar Kano sabo da zargi, ba a koma ba sai 2004, cutar kuwa ta yaɗu har waɗansu ƙasashe. Da aka sa sarakuna da malamai a gaba, aka ɗauki matan unguwa su shiga gidaje, aka bi gida gida ana sa alama da alli a bango, sai ga shi a watan Agusta 2020 an tabbatad da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Hanyar da aka bi aka ƙidaya yara, ita za a bi a ƙidaya gidaje.

Sabo da haka mu ke roƙon Gwamnati ta ɗaure kanta da sharuɗɗa huɗu a rubuce tun kafin a fara. Kada a yi amfani da littafin wajen sanya haraji ko rushe gida. Dubawa ta zama kyauta, a kuma yi shela a masallatai da rediyo cewa duk wanda ya nemi ko sisi a kai ƙararsa. Cikin gida mata ne za su shiga, mai unguwa yana zaure tare da mai gida. Sa'an nan abin da aka gani a gidan mutum sirrinsa ne, jimlar unguwa kaɗai za a bayyana. Gidajen zama a bi su da lallashi. Amma makarantun kwana da na allo, da manyan gidajen haya, da gidajen burodi, da wuraren sayad da gas da ɗakunan ajiyar katifa da ke tsakiyar unguwa, waɗannan a wajabta musu, domin rayukan waɗansu ne ke hannunsu.

Wa Zai Biya?

Tambaya ce mai nauyi a wannan lokaci na tsadar abinci. Gidan da magada goma suka yi tarayya a kansa, kowa jira ya ke wani ya fara. Ɗan haya ba zai sake wayar gidan da ba nasa ba, mai gidan kuwa ba ya kwana ciki. A nan doka ta fito fili ta ce gyaran waya da mafita nauyin mai gida ne. Ga marasa ƙarfi kuwa, muna ganin wani kashi na kuɗin da a ke kashewa wajen agaji bayan gobara, in aka saye abin katse wuta da mesar gas da shi aka raba kafin hunturu, zai fi amfani. Wanda ya gyara a yi masa rangwamen kuɗin ƙasa ko na takardar mallaka. A kuma koya wa samarin unguwa aikin waya da walda bisa ƙa'ida, a ba su shaida, don mai gida ya san wanda zai kira. Amma kada a ce wanda ba ya cikin littafi ba za a taimake shi ba in tsautsayi ya same shi, wannan zalunci ne.

Kada kuma a ce za a gama Kano duka cikin shekara ɗaya. A fara da mazaɓa biyu, ɗaya cikin ganuwa, ɗaya waje. Ko wane watan Oktoba a buga yawan gidajen da aka duba da waɗanda aka gyara. In hunturu ya wuce, a ɗauki rahoton ko wace gobara a gwada da littafi, a ga gidan da ya ƙone wane hali ya ke ciki kafin wutar. Bayan shekara uku za a san gyaran da ya fi ceton rai, a zuba kuɗi a kansa, a bar wanda bai yi amfani ba.

Waɗansu za su ce gobara ƙaddara ce. Haka ne, mun yi imani babu abin da ke samun bawa sai da izinin Ubangijinsa. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya hori al'ummarsa da kashe wuta kafin barci, ya kuma umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara ga Allah. Malamanmu na Juma'a su tuna wa jama'a wannan tun kafin sanyi ya shigo.

Ya ku masu karatu, kafin hukuma ta zo da littafinta, ko wane mai gida ya ɗauki tambayoyin nan bakwai ya kewaya gidansa da su yau da la'asar. Ya fitad da jarkar fetur daga zaure, ya sa a gyara taga ɗaya ta riƙa buɗuwa daga ciki, ya nuna wa iyalinsa inda mabuɗi ke kwana. Gwamnati kuwa ta tuna ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu daga wutar duniya da ta lahira, amin.